Sadakar Ukun Yaya

Gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa a Minna, a layin da kakanmu ya sauka lokacin da aikin reluwe ya kawo shi daga Zariya, bai kuma sake komawa ba. A zauren gidan Baba yake gyaran keken ɗinki. Teloli daga Bosso, daga Tunga, har daga Kagara suna ɗauko masa kan keke a buhu, su ajiye, su dawo su tarar yana gudu kamar sabo. Kafin wannan sana'ar, soja ne. Ya yi yaƙin basasa tun bai yi aure ba, amma in labarin yaƙi kake jira daga bakinsa, to ka nemi wurin zama. Ɗan abin da muka sani da kanmu muka gano shi. Akwai wani rami a sha-raɓarsa ta hagu, kuma duk ranar Babbar Salla, da an fara babbaka kan rago, sai ya sa takalmi ya bar gidan, ba ya dawowa sai ƙaurin ya wuce.

Bayan ya dawo daga yaƙi ne ya karɓi ɗariƙa. Inna, mahaifiyarmu, 'yar Bida ce, ta ce lokacin da aka kawo ta gidan Baba ba ya iya barci sai da carbi a hannu. Ni dai na buɗe ido na ga kullum bayan Magariba yana zawiyar unguwa, an shimfiɗa farin ƙyalle, shi da abokansa sun kewaye shi suna wazifa. Ba ya fashi ko ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Yayana shi ne ɗan fari, ni ke bi masa. Saboda alkunyar ɗan fari Baba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. "Yaron nan" yake ce masa, ko da ya fi shi tsawo. Haka al'ada take, babu wanda ya ga laifi. Abin da ya cuce mu shi ne, da shirun gaske ya shigo tsakaninsu, sai ya shige cikin wannan alkunyar ya ɓuya. Baƙo ya zo ya tafi bai ga komai ba, mu na cikin gida kuwa mu muka san irin zaman da ake yi.

Abin ya faro ne shekarar da kakarmu, mahaifiyar Baba, ta rasu. Lokacin Yaya ya riga ya fara ɗaukar karatu wurin wasu matasan malamai. Ya ɗage wando, ya bar gemu, ya koma ɗora hannu a ƙirji in yana salla, alhali Baba da mutanensa sakin hannu suke yi. Baba ya ga duk wannan ya haɗiye. Sai ranar sadakar arba'in. Tun da asuba Inna da matan maƙwabta suna gaban tanda suna suyar masa, a ƙofar gida kuma abokan Baba sun cika tabarmi ana saukar Alƙur'ani. Baba ya leƙo ya ce yaron nan ya fito da tire ya raba wa jama'a. Yaya ya fito hannu rabbana, ya tsaya a gaban kowa.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan raba ba. Wannan bidi'a ce, ba ta da asali."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Uwata ce ta mutu. Ita ta goye ka. Yau kai za ka koya min abin da zan yi mata?"

"Ba ni na faɗa ba, Baba, malamai ne."

"Waɗannan da ke zaune fa? Teloli ne?"

Rabinsu kuwa teloli ne, amma ranar ba ta dariya ba ce. Ƙaninmu ya ɗauki tiren, Yaya ya fice. Daga ranar bai sake bin Baba salla ba, sai ya taka har wani masallaci a bakin titi, ya wuce zawiyar kamar bai san da ita ba. Ni a lokacin haushin su biyun nake ji, har yanzu ma ban fasa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaya zai iya jan Baba gefe ya faɗa masa a hankali, ko ma ya ɓace ranar kamar yadda samari ke yi in an kawo aiki. Baba kuma, da ya bar abin ya huce, da wata biyu ba ta yi ba an manta. To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kai iri ɗaya Allah ya zuba musu.

Bayan 'yan shekaru sai ga maganar soja. Yaya ya gama makaranta, aiki ya ƙi samuwa, ya yi acaɓa har ya gaji. Ya je ya shiga ba tare da ya yi shawara da kowa ba, a bakin wani tela ma Baba ya ji. Ranar na ga Baba ya yi abin da ban taɓa gani ba, ya bar kan keken mutum a kwance a buɗe, ya shigo cikin gida wurin Yaya hannunsa duk baƙin mai.

"Ka san abin da ake yi a can? Ka taɓa ganin cikin mutum?"

Yaya ya ce, "Kai ma ai ka yi, Baba."

"Na yi ne don kada ku yi. Ni da na je na gani na ce maka a'a."

"Kare rayukan mutane ibada ce."

"Komai a wurinka ibada ne, ban da jin maganar ubanka."

Yaya ya tafi. Daga nan gaisuwa kawai ta rage. In ya zo hutu zai durƙusa a zaure, Baba ya amsa yana kallon allura. Da ya tashi aure Baba ya yi duk abin da uba ke yi, ya nemo masa, ya karɓa masa, amma a taron ɗaurin auren ko ido ba su haɗa ba. Inna ta yi magana har ta gaji, in ranta ya ɓaci ta juya harshe zuwa Nufanci, wanda daga mijin har ɗan babu mai ji sosai, don haka duk suka samu hutu.

A 2013 aka tura su arewa maso gabas, inda wuta ke ci. Ya kawo matarsa da 'yarsu gidanmu ya ajiye, ya shiga zaure sallama. Ina tsaye a bakin ƙofa ina addu'a Allah ya sa kowa ya riƙe bakinsa. Da farko abin ya tafi daidai. Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, zan tafi. Ka yafe min, ka sa min albarka." Na ga hannun Baba ya tsaya a kan keken, na ga ya ɗago kai. Wallahi saura ƙiris. Sai Yaya, da yake ba ya iya barin magana a cikinsa, ya ƙara da cewa, "Kuma in Allah ya karɓi raina a can, ina roƙo kada a yi min sadakar uku, ko bakwai, ko arba'in."

Na ji kamar in shaƙe shi. Baba ya miƙe tsaye.

"Sallama ka zo yi ko wa'azi? Har gawarka ma sai ka gindaya min sharaɗi?"

Ya ɗauki butarsa ya fita, alhali lokacin salla bai yi ba. Yaya ya jira, ya jira, har mai acaɓar da zai kai shi tasha ya fara danna oda. Haka ya tafi, ba yafiya, ba albarka. Tun daga ranar nake ɗauke da tsoro biyu. Na farko irin na kowa ne mai ɗan'uwa a bakin daga. Na biyun ya fi cin raina, kada wani abu ya same shi alhali Baba bai furta masa wannan kalmar ba.

Ina koyarwa a wata firamare a Maikunkele, gidan aurena kuma ba shi da nisa da gidanmu. Wayar Baba ta daɗe da lalacewa, shi da ke tayar da mataccen keke ya ce ba ta gyaruwa, sabuwa kuma ba ya so. Saboda haka ni Yaya yake kira. An yi wani dogon lokaci da aka katse layin waya a yankin da suke, muka zauna jugum, ba mu san a raye yake ko a mace ba. Da layi ya dawo ma, sai ya samu sarari, wani lokaci sau biyu a mako, wani lokaci wata ya wuce shiru. Wayar nan na mayar da ita kamar jaririya. Ina aji tana cikin hijabina, ina wanka tana kan bokiti a kife. In baƙuwar lamba ta shigo sai in yi wuf in ɗauka in ji mai neman wata daban, in zazzaga masa masifar da bai san dalilinta ba.

Baba yana nuna kamar abin bai dame shi ba, amma rediyo ta koma zaure. Yana manna ta a kunne lokacin labarai, da ya ji tafiyar mutum sai ya kashe. Wata rana na ji an ce sojoji sun ja da baya bisa dabara, na ce alhamdulillahi, tunda dabara ce. Baba ya ce, "In kin ji haka, gudu aka yi." Ban ci abinci ba ranar.

In Yaya ya kira da rana ina kusa, sai in ruga gida in buɗe murya kowa ya ji. Inna ta yi kukanta, matarsa ta shige ɗaki da wayar ta fito, daga ƙarshe in kai zaure in tsaya kusa da Baba. Ba ya karɓa. Yana aikinsa zai ce, "Tambaye shi, suna samun ruwa?" Yaya yana jinsa sarai, amma sai ya jira in maimaita, sannan ya ce, "Ce masa muna samu." Baba ya ce, "Ce masa ya riƙa cire takalmi yana shanya ƙafa, ƙafa ke fara kashe soja. Kada ya kwana inda suka hura wuta." Yaya ya ce, "Ce masa na ji, na gode." Ni ce tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushe. Da ba don halin da ake ciki ba, da abin dariya ne.

Na sha yi wa Baba magana. Na ce, "Baba, don Allah, maganar da ba ta kai numfashi ɗaya ba ce. Ka ce ka yafe, ka ce Allah ya yi masa albarka, shi ke nan." Sai ya ce, "Ke kika haife ni?" Na kai ƙara wurin babban amininsa, malamin da ke ja musu wazifa, shi ma ya yi nasa ƙoƙarin, ya dawo ya ce min, "'Yata, ubanki ƙarfe ne, sai a hankali."

Kiran ƙarshe da damina ya zo, shekarar da ta biyo. Muryar Yaya ta shaƙe, ana jin iska da hayaniyar maza a bayansa. Ya ce za a matsa da su gaba, ba lalle a ji shi kwana kusa ba. Na kai wayar zaure. Wannan karon bai bi ta kaina ba.

"Baba, ni ne. Na san kana jina. Ka yafe min."

Baba yana riƙe da ƙaramar kwalbar mai. Na tura wayar har gaban bakinsa. Ya kawar da kai ya ce, "Ce masa ya kula da ƙafarsa."

Yaya ya ce, "To, Baba." Layin ya yanke.

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na ce wace irin zuciya ce da shi, na ce Allah ma ana saɓa masa ya yafe, na ce in yaron nan ya mutu da me zai kwana. Na faɗi maganganun da ko rabinsu Yaya bai faɗa ba aka yi shekaru ana gaba da shi. Baba ya bari na gama. Sannan ya ce in zauna.

"Mu a can, akwai abin da muka lura da shi. Duk wanda ya bi mutane yana neman gafara, ya gama sallama da kowa, ya rage ba abin da ke jansa baya, to wannan ba ya dawowa. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Wanda ya bar magana a buɗe a gida, shi ke dawowa ya ƙarasa ta." Ya ajiye kwalbar. "In na yafe masa ta waya, na sallame shi ke nan. Ya dawo nan, ya durƙusa inda ya saba, ya karɓa."

Wannan ne kaɗai labarin yaƙin da Baba ya taɓa ba ni. Na san camfi ne, shi ma in an matsa masa zai ce rai a hannun Allah yake. Ashe duk wannan lokacin shi ma tsoro ne ke cinsa, ya riƙe yafiyar kamar igiyar da zai jawo ɗansa gida da ita. Na fito zauren tsorona ya ninka, don yanzu na san ko an sake kira ba zai faɗa ba.

Ba a sake kira ba. Makonni suka yi ta wucewa. Matar Yaya ta rame har zobenta yana faɗuwa, Inna ta daina zuwa kasuwa don kada labari ya zo ba ta nan. Baba ya fara ɓata aiki, wani tela ya dawo da kekensa har sau biyu. Ranar da labarin ya zo ina cikin aji ne. Wani abokin aikinsa ya kira, ya tambaya ko ni ce ƙanwarsa, daga yadda ya yi sallama na gane. Ya ce an yi musu kwanton ɓauna, ya ce da hannunsa ya sa shi a kabari, an yi masa salla, an rufe shi a can. Ban san yadda na iso gida daga Maikunkele ba. Da na faɗa wa Baba, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya sake faɗa, sannan ya rufe keken da ke gabansa da ƙyalle, a hankali, kamar mai rufe yaro.

Aka yi zaman makoki. Dangin Inna suka zo daga Bida, gida ya cika. Babu gawa, babu jana'iza, babu kabarin da za a je, don haka hankalin kowa ya koma kan sadakar uku, ita kaɗai ta rage a yi masa. Tun rana ta biyu mata suka jiƙa shinkafa, aka kai niƙa, aka kwaɓa ƙullun masa aka rufe. Malamin zawiya ya sanar da jama'a. Ni da na ji wasiyyar da kunnena na rasa inda zan sa kaina. In na tuna wa Baba, na fama masa ciwo a ranar da ba shi da sauran ƙarfi. In na yi shiru, na ci amanar mamaci. Baba kuwa bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Mutum ne da bai taɓa barin ko jaririn maƙwabci ya wuce ba a yi masa sadaka ba, ya kuma yi imani har zuciyarsa cewa tana isa ga mamaci a kabarinsa.

Da safiyar rana ta uku an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, abokan Baba sun zazzauna, an fito da izu-izu na Alƙur'ani za a raba. A ciki an ɗora tanda, mai ya fara ƙauri. Baba ya shigo tsakar gida ya tsaya kan Inna.

"A sauke."

Inna ta ɗago. "A sauke me?"

"Yaron ya ce kada a yi."

Inna ta fashe da kuka, ta ce ba ta ga gawarsa ba, ba ta ga kabarinsa ba, yanzu ɗan abin da za ta aika masa ma za a hana ta. 'Yan'uwanta suka taso da magana. Baba ya juya ya fita waje. Na bi shi na laɓe a zaure. Ya tsaya gaban mutanen da ya yi shekaru arba'in yana haɗa gwiwa da su, ya yi musu godiya, ya ce su yi haƙuri, ba za a yi sadaka ba, ba yau ba, ba ranar bakwai ba, ba ranar arba'in ba.

Malamin ya ce, "Haba, kai da ka san falalarta? Yaro ne, bai sani ba. Kai za ka yi masa gata."

Baba ya ce, "Na san falalarta. Abu biyu ya roƙe ni, na hana shi ɗaya. Wannan ne ya rage a hannuna."

Jama'a suka ɗaga hannu suka yi gajeriyar addu'a, aka mayar da izu cikin gafaka, suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tafi da fushi, na gani a fuskarsu. Yara suka naɗe tabarmi. Kafin hantsi ƙofar gidanmu ta koma kamar ba a yi mutuwa ba.

Baba ya shigo zaure ya zauna a bencinsa. Ya ga ni, bai kore ni ba. Ya ɗora hannayensa a gwiwa, ya juya su, ya rasa abin da zai yi da su. Daga cikin gida ana jin kukan Inna da ƙarar tanda da ake kankarewa.

Can ya ce, "Su mutanensa, me suke yi wa nasu in sun mutu?"

Na ce, "Addu'a kawai, Baba. Kowa ya roƙa masa gafara, a sujada ko bayan salla, duk lokacin da ya tuna shi. Ba taro, ba rana."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba.

"Ya yi kaɗan," in ji shi. "Wallahi ya yi min kaɗan." Ya ja numfashi, ya miƙa hannu ya jawo butarsa. "Zuba min ruwa."